Tsohuwa Mai Fito da Kiran Kaka Dije

Shekarar da tsawa ta tsaga tsamiyar ƙofar gidanmu a Kontagora, a shekarar mahaifiyarmu ta rasu wajen haihuwar ƙanwata Hajara. Ina ɗan shekara bakwai ko kusa da haka. Ban riƙe fuskokin masu zuwa gaisuwa ba. Abin da na riƙe shi ne ƙaurin itacen nan da ya daɗe bai bar unguwa ba, da kuma yammacin da wata doguwar tsohuwa ta shigo gidan ɗauke da ƙwaryar kayanta a kafaɗa, ba a ka ba, yadda matan Kambari ke ɗaukar kaya. Ita ce Kaka Dije, wadda ta haifi mahaifiyarmu. Daga wani ƙauye ta taho, can cikin duwatsun bayan Bangi, da niyyar ta riƙe jaririyar har a yaye ta, sannan ta koma. Ba ta koma ba.

Babanmu Bahaushe ne, ɗan kasuwar hatsi, mai zuwa Kaboji da Bobi sayen dawa. Ba ya jin ko kalma ɗaya ta Kambarci. Tsakaninsa da Kaka kuwa sai kunyar surukai. Ba ta kiran sunansa, ba ya haɗa ido da ita, in ya zo gaishe ta da safe daga bayan zana yake durƙusawa. Duk maganar da za ta shiga tsakaninsu sai ta bi ta bakin Gwaggo Asabe, ƙanwar Baba, wadda ke zaune tare da mu.

Kaka tana jin Hausa sarai, ta koye ta tun tana budurwa wajen kai man kaɗe kasuwa. Ni take kira maigidanta, yadda kakanni ke tsokanar jikokinsu maza. "Maigida, yau ma ba cefane? Haka za ka bar ni da yunwa?" Amma akwai wani suna dabam da ta raɗa mini da harshensu, da shi take kirana in rana ta kusa faɗuwa ina wasa a waje. Ba kira ne kawai ba, 'yar gajeriyar waƙa ce. Ita ta rera rabi da sunana a ƙarshe, ni in rera sauran rabin daga inda nake, sannan in shigo. Mahaifiyata ce ta fara koya mini amsar, tana yi mini wanka. A lokacin ina jin Kambarci daidai gwargwado, ina kuma mayarwa.

Bayan an ci tuwo, Kaka takan jawo sauran garwashin murhu zuwa ƙofar ɗakinta, ta ɗora 'yan ƙirare, ta binne gyaɗa a toka. Mu kewaye ta, ni da 'ya'yan Gwaggo da na maƙwabta, Hajara na goye a bayanta. Ba ta buɗe labari irin na sauran tsofaffin unguwa. Takan buga ƙasa da tafin hannu ta ce, "Wata ta sauko daga dutse." Mu ce, "A ba ta wurin zama." Da Hausa take ba da labarin saboda yaran maƙwabta, amma duk inda aka zo waƙa sai ta koma harshenta, muryarta ta yi ƙasa, kamar wata ce dabam ta zo ta zauna cikin zanenta. Yawancin labaranta na dariya ne. Ɗaya ne ba na dariya ba, kuma shi muka fi roƙo, ko da yake kullum sai mun yi da-na-sani.

Wai a wani gari na kan dutse, ana rufe ƙofar shinge da zarar rana ta faɗi, saboda abubuwan daji sun iya aron siffar mutum. Su ari fuskarka, su ari tafiyarka, har tabon da ke ƙafarka. Abu ɗaya ne ba su da shi, harshen garin. Don haka duk wanda yamma ta yi masa a waje, sai uwarsa ta tsaya daga ciki ta rera kira, shi ya amsa daga waje, sannan a buɗe masa.

A garin akwai wata yarinya mai kai man kaɗe kasuwa a ƙetaren kogi. A mashigin kuma akwai wata tsohuwa mai fito da ɗan kwale-kwalenta. Ranar farko yarinya ta miƙa mata ladan fito, tsohuwa ta girgiza kai.

A nan Kaka takan shaƙe murya. "Riƙe abinki, 'yata. Ba ni kalma ɗaya kawai ta garinku, wadda ba kya bukata a kasuwa. Ƙarama ma ta isa."

Yarinya ta ga araha. Ta ba ta sunan ludayi, ai a kasuwa ludayi na da wani sunan. Tsohuwa ta karɓa ta sa a baki, ta tauna, ta haɗiye. Wata kasuwar ta ba da sunan fartanya. Wata ranar kuma ta ba da sunan ruwan sama na farko. Ba ta ji zafi ba ko sau ɗaya, ba ta ga jini ba. In ta koma gida ta nemi kalma ta rasa, sai ta nuna da hannu, a yi dariya, a wuce. Ita kuwa tsohuwa kullum ƙara miƙewa take yi, furfurarta na raguwa, haƙoranta na dawowa.

"Kaka, ba ta gane ba?" wani cikinmu zai tambaya.

"Da me za ta gane? Kai ka san ranar da ka manta abu?"

Rannan ciniki ya ja ta, kafin ta iso gari an rufe ƙofa. Duhu ya fara sauka, daji ya fara motsi a bayanta. Ta ji uwarta ta ɗaga kira daga ciki. A nan Kaka takan rera shi, kuma kiran nan ne da take yi mini da yamma, ba wani ba, sai dai ba suna a ƙarshe. Yarinya ta buɗe baki. Karin waƙar na nan, kalmomin babu. Uwa ta sake kira. Yarinya ta sa kuka tana roƙo da harshen kasuwa, ni ce, ku buɗe mini. Mutanen ciki suka ce, ku ji, abin daji ne. Uwa ta yi kira na uku.

A nan Kaka takan tura itace cikin wuta, ta bar mu muna jira.

"Sai aka amsa," in ji ta. "Daga bayanta. Da muryarta."

Yarinya ta waiwaya ta ga kanta tsaye, da ƙwaryarta, da tabonta, tana rera amsar tsaf ba kuskure. Aka buɗe ƙofa, abin ya raɓa ta ya shige, aka rufe. Ya ci tuwonta, ya kwanta a tabarmarta, uwarta ta lulluɓe shi. Ita kuwa har yau tana zagaya shingen. In kuka ji da magariba kamar wani na rera waƙa da hanci, ba kalmomi, to ita ce.

"Ta koma dutse," Kaka za ta ce, ta buga ƙasa. "Kowa ya tafi da bakinsa."

Ba mai motsi. 'Ya'yan maƙwabta sai an raka su har ƙofar gidansu. Ni kuwa nakan kwanta ina laluben kalmomina ɗaya bayan ɗaya, ludayi, fartanya, ruwa, wuta, ina duba ko suna nan.

Da aka sa ni firamare, abin ya zo ta inda ban zata ba. Ba kogi, ba kwale-kwale. Ni yaro ne mai jinkirin magana, in malam ya tambaye ni sai kalma ta zo mini da Kambarci kafin ta Hausa, wani lokaci ta kuɓuce ta fito. Yara su fashe da dariya, su bi ni da kwaikwayo har gida. Malaminmu ba mugu ba ne, abin da ya yarda da shi ya faɗa. Ya sami Baba a rumfarsa ya ce, "Alhaji, yaron nan kansa ya cushe. Harshe biyu na kokawa a ciki, ga Turanci na zuwa. In ba a cire ɗaya ba, ba zai ɗauki karatu ba."

Baba ba zai iya fuskantar surukarsa da wannan magana ba, sai ya aiki Gwaggo. A gabana aka yi.

"Iya, Yaya ne ya ce a roƙe ki. Wai don karatun Isiyaku. A dinga yi masa Hausa zalla, shi da 'yar uwarsa."

"Har waƙar?"

"Wai duka, Iya. Ki yi haƙuri."

Kaka ta dubi hannuwanta. Da a gidan ɗanta take, da wataƙila ta yi gardama. Amma wa ke jayayya da suruki a cikin gidansa? Ta ce, "To. 'Ya'yansa ne."

Daga ranar, in yamma ta yi sai ta leƙo ta ce, "Maigida, shigo haka nan." Labarai suka ci gaba, amma in an zo waƙa sai ta ce, "Nan sai ta yi waƙa," ta wuce. Labarin mai fito kuwa ba ta ƙara ba da shi ba, ko mun roƙa. Ni har sauƙi na ji, don dariyar yara ta ragu. Ban ji zafi ba, ban ga jini ba. Karatun dai bai shiga ba duk da haka. Na riga na yarda kaina a cushe yake, ina ganin allon aji sai gabana ya faɗi. Kafin in gama aji huɗu Baba ya mai da ni rumfa, awon hatsi. Hajara ta tashi da Hausa kaɗai, ta fito da kaifin ƙwaƙwalwa, kowa ya ce to ga shi, maganar malam ta tabbata.

Gemu ya fara fito mini, Hajara na shirin shiga sakandare, a tsakiyar damina, Kaka ta faɗi a bakin rijiya. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, bakinta ya karkace. Aka kai ta asibiti, aka ba da magani, aka dawo da ita. Da bakinta ya buɗe, ba Hausa a ciki, ko kalma ɗaya. Gwaggo ta ce, "Iya, sannu, ya jikin?" Kaka ta zuba mata ido, ta amsa da wata doguwar magana da ba wanda ya gane. Ni na ji kamar na san sautin, amma bakin a karkace yake, kuma na fi shekara goma rabona da jin sa.

Da farko aka ce ai yarensu ne. Baba ya sa aka nemo wani Bakambare mai kawo masa dawa daga wajen Salka. Mutumin ya durƙusa a bakin ƙofa ya saurara, ya yi mata magana, ta yi masa. Ya fito yana sosa ƙeya. "Alhaji, wallahi ban gane ba. Na tsinci ruwa, na tsinci yaro. Sauran ba na ji." Mu a lokacin ba mu san cewa Kambarci kashi-kashi ne ba, mutumin wani yanki ba lalle ya ji na wani ba. Abin da gida ya ɗauka shi ne, in Bakambare bai ji ba, to ba Kambarci ba ne. In kuwa ba Kambarci ba ne, wane ne ke magana?

Mata suka fara raɗa. Mutum ya shekara hamsin yana Hausa, ta ɓace masa rana ɗaya? Wani abu ne na duwatsunsu ya biyo ta ya zauna mata a harshe. Aka kawo masu addu'a, aka turara ɗakin har ido na yaji, aka saki asabari a ƙofar, aka hana yara zuwa kusa. Gwaggo na kai abinci tana karanta duk abin da ta haddace, ta ajiye ta fito da sauri. Baba ya aika mutum ƙauyen Kaka a zo da wani nata, amma ruwa ya cinye hanya, ɗan aiken ya maƙale a Bangi. Ni ma tsoro nake ji. Na girma da labarin abin da ke shiga gida da fuskar mutum ya kwanta a tabarmarsa.

Wata rana, rana na gab da faɗuwa, na dawo daga kasuwa ina alwala a tsakar gida, sai murya ta taso daga bayan asabarin. Wannan karon ba magana ba ce. Waƙa ce, a karkace, tana ja, amma ita ce. Da sunana a ƙarshe. Butar ta kuɓuce mini.

Gwaggo ta kwashe yara ta yi ɗaki tana salati. Na isa bakin ƙofar. Yanzu na san ba wani abu ba ne a ciki. Kaka ce, tana kiran yaronta ya shigo kafin duhu. Na buɗe baki in amsa.

Babu. Karin na nan, ina jin sa yana hawa yana sauka a ƙirjina, amma kalmomin sun tafi, ban kuma san ranar da suka tafi ba. Ta sake kira. Na rera karin da hanci, haka nan, ba kalma. Sannan ta sake farawa a hankali, gaɓa-gaɓa, yadda ake koya wa ƙaramin yaro, tana tsayawa tana jira na. Hajara ta zo ta riƙe bayan rigata. "Yaya, me take cewa? Yaya, ka amsa mata mana." Ban iya waiwayawa ba. Ƙato da ni, ina tsoron in ji an amsa daga bayana da muryata.

Ba wanda ya amsa. Na ɗaga asabarin na shiga, na durƙusa na kama hannunta mai lafiya. Na ce, "Kaka, ni ne. Maigidanki ne." Ta daɗe tana kallona. Ba fushi a idonta. Kallon mai leƙe ta kafar ƙofa ne, yana so ya buɗe, yana jiran abin da zai tabbatar masa. Daga baya ta juya fuskarta bango. Ba ta ƙara yin kiran ba. Kafin ɗan aiken ya iso da wani ƙanenta, mun riga mun kai ta makwancinta. Tsohon ya zauna a zaure yana tambaya ko ta bar wata magana. Magana da yawa ta bari. Ba mu da ko ɗaya da za mu ba shi.

Hajara ba ta ajiye tambayarta ba. Da ita ta shiga jami'a, inda ta karanta yadda ƙwaƙwalwar mutum ke tunani da tunawa da koyo. Ta yi digiri na farko, ta yi na biyu, ta tafi ƙasar waje ta yi na uku a kan mutanen da ke rayuwa da harshe biyu. Yanzu tana koyarwa a jami'a, ana ce mata Dakta, tana zagaya makarantun firamare ita da ɗalibanta suna zama da yara da malamai. Ni dai har yau Yaya take ce mini, ta tsuguna ta gaishe ni.

Wani hutu da ta zo, muna zaune a inda Kaka ke hura wutarta da, ta ce, "Yaya, ka san ba aljani ba ne, ko?"

Na ce na sani tun ranar.

"Ciwon ne. In jini ya daina isa wani sashe na ƙwaƙwalwa, wani yakan rasa harshen da ya koya daga baya, na farko ya saura. Ba kowa ba, amma yana faruwa, na zauna da irinsu. Kaka ba ta fita hankalinta ba. Wataƙila ma tana gane mu sarai, gani ta yi mun daina jin ta." Sannan ta ƙara da cewa, "Kuma kanka bai taɓa cushewa ba. Yaro mai harshe biyu yakan gauraya su, yakan ɗan jinkirta wajen nemo kalma, sannan ya ware su da kansa. Da an bar ka."

Magidanci mai 'ya'ya biyar, me zai ce? Ita ce ta matsa mini har na shiga ajin manya na yamma, inda na koyi rubutun da nake yin wannan da shi, ina gogewa ina sakewa.

A hutun ne kuma ta roƙe ni in zauna mata gwaji. Ta sa mini abin ji a kunne, ta kunna muryar wata tsohuwa da ta ɗauko daga yankin su Kaka, kalmomi ɗai-ɗai, wasu na gaske, wasu an jirkita su. Aikina in faɗi wanda ya zauna daidai a kunnena. Na ce mata ban san ma'anar ko ɗaya ba. Ta ce in dai faɗa. Da muka gama ta daɗe tana duban kwamfutarta.

"Kunnenka bai manta duka ba, Yaya. Akwai saura a ciki."

"To ina amsar waƙar?"

"Ban samo ba. Na tambayi tsofaffi a ƙauyuka da yawa. Wai kowane gida da nasa kiran. Na gidan su Kaka ya tafi da masu shi."

Ta zaci albishir ta yi mini. Ni kuwa tsigar jikina ce ta tashi.

Ina yaro na ɗauka darasin labarin shi ne kada yamma ta yi maka a waje. Da na girma na ɗauka gargaɗi ne ga mai sayar da nasa da araha. Yanzu ban tabbata ba. Yarinyar ba muguwa ba ce, kasuwa take zuwa. Mutanen da suka ƙi buɗe ƙofa ba mugaye ba ne, tsoro suke ji. Baba alheri ya nufa, malamina ma haka. Kuma a gidanmu na kasa gane wa ke ciki wa ke waje. Kaka ce ta yi kiran, amma ita aka sakar wa asabari.

Abin da ke hana ni sukuni yanzu shi ne, likita ya ce jinina na hawa. Na tambayi Hajara, in abin Kaka ya same ni, wane harshe zai saura? Ta ce da alama Hausa, da ita na rayu. Na ce, da alama? Ta ce, "Yaya, ba zan yi maka ƙarya ba, ba a iya sani tun kafin." To in ya zamana abin da ke kwance a ƙasa ne ya taso, in farka ina kiran 'ya'yana da kalmomin da ni kaina yau ban sani ba, wa zai amsa? Na zaunar da matata da babban ɗana na gaya musu, in haka ta faru kada a saki asabari. Kowa ya shigo ya zauna kusa da ni, ko bai gane ba.

Ranar da malamar ajinmu ta ce kowa ya rubuto abin da ya tuna na ƙuruciya, na zauna na ƙirga abin da ya tafi. Waƙoƙin labarai goma sha ɗaya, don labaran ina tuna su amma ba waƙar ko ɗaya. Sunaye biyu da ta raɗa wa jikokinta, nawa ina gane shi in an faɗa ban san ma'anarsa ba, na Hajara ba wanda ya riƙe. Kusan shekara arba'in ba karatu. Maganar kwanakinta na ƙarshe, duka. Da rabin waƙa, rabin da ni ya kamata in rera.